Agogo a Hannun Dama

Ku da kuka daɗe kuna karanta ni kun san ba na ɓoye muku komai, har abin da bakina ba ya iya faɗa wa Kaka ku nake zazzage wa. To yau ku gyara zama. Na sha kunya a gaban ikilisiya guda, kuma ba wani ne ya jawo min ba illa ɗan agogon da na saya wa kaina.

Ga wanda yau ne ya fara leƙo mu, sunana Tamoya, shekarata ashirin da shida, ina aiki a asibitin haƙori a nan Hartford. Ni ce mai kankare wa mutane haƙora ina yi musu faɗan shan zaƙi. Kakata Icilda ce ta raine ni tun ina 'yar aji ɗaya, lokacin da Mama ta sake aure ta koma Florida. Mu uku ne a gidan: ni, Kaka, da autarta Anti Verona, wadda ta haura arba'in amma har yau in Kaka ta yi gyaran murya sai ta gyara zama. Mu 'yan Adventist ne tun daga Jamaika, irin na asali, waɗanda rana tana faɗuwa ran Juma'a an kashe talabijin an sauke tukunya, ba sauran aiki sai ranar Asabar ta faɗi. Ba kofi a gidanmu, ba naman alade, kuma kunnuwana har yau ba huji.

Sai kuma Alrick, wanda saboda shi nake wannan rubutun duka. Bakanike ne, shi ke gyaran motocin da ke kai yara makaranta. Dogo ne, mai sanyin magana, irin mutanen da sai sun gama tauna kalma kafin su fito da ita. Shekara biyu ke nan da ya yi baftisma a wani cocin Adventist da ke tsallaken kogi, wanda Kaka take kira "cocin ganga" saboda suna kiɗa lokacin sujada, kuma an ce har kofi ake ajiyewa a bakin ƙofa. Kaka ba ta kore shi ba, ba ta kuma karɓe shi ba. "Yaron nan ɗanye ne tukuna," abin da take cewa ke nan. Wata takwas yana zuwa gidanmu, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ni kuwa na riga na gaya wa kaina, na gaya masa, ba zan shiga gidan aure ba sai da albarkar matar da ta raine ni.

Ran Laraba da na tashi aiki ya ɗauke ni zuwa lambun furannin da muka saba zuwa. Sanyin Oktoba ya fara shigowa, furannin duk sun yi yaushi, ni kuma ina ta zuba a kan wani tsoho da ya cije min yatsa da safe. Ban ankara ba na ga mutum ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen ganye da wandon aikinsa.

"Alrick, me ya faɗi?"

"Babu abin da ya faɗi. Ki yi shiru na minti ɗaya, Tamoya, in kina iyawa."

Zobe ya fito da shi. Siriri ne na zinariya, da ɗan koren dutse da bai kai ƙwayar wake ba. Na mahaifiyarsa ne, wadda ta rasu yana ɗan shekara sha tara. Ya ce da shi a yatsanta ta yi shekara ashirin tana sayar da doya a kasuwar May Pen can Jamaika, kuma kafin ta cika ta ce ya ba matar da zai aura, ya ba ta haƙuri in ta ga ya ɗan goge, don hannun da ya fito daga ciki hannun aiki ne. Bai gama tambayar ba na ce e. Na yi kuka, na yi dariya, har da majina, shi kuma ya rasa abin share min fuska sai tsumman da yake goge hannu.

Minti goma sha huɗu zoben ya yi a yatsana, na duba agogon mota. Muna dosar layinmu na zare shi na dunƙule a tafin hannu. Alrick ya gani. Da ya tsayar da mota ya juyo wajena.

"Yaushe za ki gaya wa Kaka?"

"Kafin Asabar. Ai ka ce za ka zo cin abincin rana a cocinmu, kafin ka iso na gama da ita."

"Kin tabbata?"

"Haba, Kaka ce fa. A tafin hannuna take."

Ku yi min dariya, na cancanta.

Wanda bai san Kaka ba, sai ya ce ai zobe ne kawai. Kaka tana 'yar shekara ashirin da biyu aka yi mata baftisma a kogi, kuma kafin ta shiga ruwan ta zare zoben aurenta ta miƙa wa mijinta. Uwar mijin ta yi shekara biyu ba ta amsa gaisuwarta, dangi suka ce ta wulaƙanta musu ɗa. Ba ta mayar ba. A wajenta, mace mai jiran dawowar Yesu ba ta rataya wa jikinta zinariya, kuma ba a littafi kawai ta karanta wannan ba, ta sha kuka a kai.

Ni fa? Nan ne nake rasa amsa. Asabar dai na riƙe ta har cikin raina, na taɓa barin aiki mai kyau saboda sun ce sai na riƙa zuwa ranar, kuma ban yi nadama ba. Sarƙa da 'yan kunne ba su taɓa burge ni ba. Amma cocinmu na yau ba na zamanin Kaka ba ne. Matar fasto tana sa zoben aure. 'Yan matan ƙungiyar mawaƙa rabinsu da ƙananan 'yan kunne, in za su gaishe da tsofaffi sai su saki gashi ya rufe. Sista Hyacinth, shugabar mata, wadda ta fi kowa wa'azin sauƙin shiga, wani ƙaton fil mai walƙiya take maƙalawa a ƙirji, in an yi magana ta ce ai aiki yake yi, gyale yake riƙe mata. Kowa ya ja nasa layin inda ya yi masa daɗi. Ni dai abin da na sani, ina son zoben nan, ina sonsa sosai, kuma ina tsoron fuskar Kaka.

Na naɗe shi a cikin safa na tura ƙasan durowa. Alhamis da safe na buɗe baki zan faɗa, Kaka ta ce in miƙo mata maganin hawan jini, sai na ga ai ba a yi wa mai hawan jini irin wannan zance kafin ta karya. Da yamma kuma na ga ta gaji. Ni dai dalili bai taɓa ƙare min ba.

Juma'a a gidanmu tsere ake yi da rana. Kaka ta manna takardar lokutan faɗuwarta a jikin firji, ranar an rubuta shida da minti huɗu, kuma kafin nan sai an gama shara da guga da wanka da abincin gobe. Kaka tana kan shinkafa da wake da ruwan kwakwa, Anti Verona tana tace zoɓo da citta tana ɗanɗanawa fiye da yadda take zubawa, ni aka bar wa tanda, da taliya mai cuku da gasasshen ƙullin gyaɗa da muke ci a madadin nama. Wayata ta yi motsi a aljihu.

Alrick: Kin faɗa?

Ina riƙe da waya a hannu ɗaya ina zaro faranti da ɗayan, sai cikin wuyan hannuna na hagu ya manne da ƙarfen tanda. Na haɗiye ihun, don in Kaka ta ji sai ta tambayi me nake kallo a waya. Na sulale banɗaki na sakar masa ruwan sanyi na manna filasta, na ja hannun riga na rufe. Ƙunar ba wata babba ba ce, amma daidai inda igiyar agogo take zama.

Ni: Saura kaɗan.

Alrick: Tun Laraba saura kaɗan.

Shida da minti huɗu muka durƙusa a falo mu uku. Kaka ta yi addu'a ta roƙa min miji mai tsoron Allah, kamar kullum ba ta kama suna ba, na ce amin da ƙarfi. Na ce a raina ai ba a ɓata wa mutum rai a bakin Asabar.

Da safe na sa shuɗiyar rigata mai dogon hannu, wadda ta sauka ƙasan gwiwa yadda ba mai cewa komai, na tufke gashi a ƙeya, na sa baƙin takalmi marar tsini. Ni ce mai jagorar waƙoƙin safe a makon, kuma Dattijo Pinnock, mai kula da tsarin sujada, in ka wuce minti sha biyar da ko daƙiƙa ɗaya sai ya fara tari daga inda yake. Don haka na zaro agogona daga jakar aiki. Sabo ne, na farin ƙarfe mai ƙaramar fuska, sati biyu da saye, a wajen aiki kawai nake ɗaurawa, ba wanda ya taɓa ganinsa a gida. Na ɗaura a hagu na ji zafi har ƙwaƙwalwa. Na kwance na mayar dama. Tunanin da na yi ke nan gaba ɗaya, ba ƙari.

Mai jagorar waƙa da hannun dama take ba da lokaci. Ina ɗaga hannu hannun rigar ya zame, agogon ya ɗauki hasken taga. Ba mu gama baiti na farko ba na ga Sista Hyacinth ta zunguri ta kusa da ita. Wannan ta zunguri ta gaba. Hulunan layin tsofaffi suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya. Na duba rigata ko ta ɗage, na shafi gashina, na saurari muryata ko ta kauce. Kaka, a layi na uku, ta cire tabarau ta goge ta mayar. Sai ta buɗe murya ta rera waƙar da ƙarfin da na yi shekaru ban ji daga bakinta ba. Ni kuma, sakarai, na ce lallai yau na iya zaɓen waƙa.

Ina saukowa Sista Hyacinth ta rungume ni, fil ɗinta ya soke ni a haɓa.

"Barka da Asabar, 'yata. Haka ake yi, abu cikin natsuwa, ba talla. Allah ya sa albarka."

"Amin, Sista, na gode."

Dattijo Pinnock, wanda bai yi tari ko sau ɗaya ba, ya riƙe hannuna da hannu biyu. "Yaron ya burge ni," ya ce. Kafin in tambayi wane yaro, Anti Verona ta cafke ni ta ja ni har banɗakin mata ta tura ƙofa.

"Munafuka. Gida ɗaya muke kwana, amma sai a bakin Hyacinth zan ji?"

"Ji me, Anti?"

"Ɗaga hannunki. Wane hannu ne wannan?"

"Dama."

"Agogon sabo ne?"

"Sabo ne."

"To?"

Sai a lokacin na gane. A zamanin su Kaka, saurayi ɗan cocinmu ba ya ba da zobe. Agogo yake saya, tunda agogo aiki yake yi ba ado ba ne, budurwa ta ɗaura a hannun dama, duk wanda ya gani ya san an yi mata kamu. Na sha jin labarin tun ina ƙarama, amma a tsarana ban san ko mutum ɗaya da aka yi wa haka ba, shi ya sa ko kusa bai faɗo min a rai ba. Tsofaffin kuwa ba su manta ba. Ashe duk shekarun nan duban hannun 'yan mata suke yi suna jira.

Na ja hannun rigata na nuna wa Anti filastar, na kwashe komai na gaya mata, tun daga lambu har safa. Ta yi dariya har sai da ta dafa wajen wanke hannu, hawaye na zubo mata.

"Wayyo cikina. Wato ƙuna ce ta ɗaura miki aure."

"Anti, ba abin dariya ba ne."

"To ke me ya dame ki? Mafita ce ta zo miki har gida. Kamun dai an yi shi da gaske, ba ƙarya kika yi ba. Agogo ran Asabar, zobe daga Litinin zuwa Juma'a, ki cire kafin ki shigo gida. 'Yan kunnena shekara goma sha ɗaya suna zaune a aljihun mota, wa ya mutu?"

"Zoben mamarsa ne fa."

"Mamarsa tana kallo ne?" Sai ta daina dariyar, ta gyara min wuyan riga. "Ki je ki ga fuskar kakarki tukuna kafin ki yanke shawara. Rabon da in gan ta haka tun ranar da kika gama makaranta."

Na koma na zauna kusa da Kaka. Ta ɗauki hannuna na dama ta ɗora a cinyarta, tana shafa fuskar agogon da babban yatsanta. Can tsakiyar wa'azi ta sunkuyo ta raɗa min, "Na zalunci yaron nan a zuciyata, Allah ya gafarta min." Kada ku tambaye ni a kan me fasto ya yi wa'azi ranar, ban ji ko kalma ɗaya ba. Daɗi nake ji, kunya nake ji, kuma in gaya muku gaskiya, shawarar Anti ta fara yi min kyau.

Na buɗe Littafi Mai Tsarki na kare waya da shi.

Ni: Kana ina?

Alrick: Yanzu muka tashi, zan shiga mota. Kin faɗa?

Ni: An samu 'yar matsala mai daɗi.

Alrick: Tamoya.

Ni: Duk wanda ya yi maka barka ka ce ka gode. In an yi zancen agogo ka yi murmushi.

Alrick: Wane agogo?

Ni: Ka dai yi murmushi.

A ɗakin ƙasa na coci ake cin abincin rana, kowane gida ya kawo nasa a jera a kan dogayen tebura. Ƙamshin kwakwa da soyayyar agada ya cika wajen, matan suna leƙen kwanukan juna don su ga na wa aka fi ɗiba. Mun kai mutum tamanin. Alrick ya sauko sanye da kwat ɗinsa mai ruwan toka da ta ɗan matse shi a kafaɗa, yana rungume da burodin da ya gasa da kansa. Bai kai ga ajiyewa ba tsofaffi suka yanyame shi.

"Saurayi, wa ya koya maka?" in ji Dattijo Pinnock.

"Koya min me, Dattijo?"

"Ku ji tawali'u." Aka sa dariya, wani ya buga masa baya. Alrick ya yi murmushin da na ce ya yi, yana nemana da ido.

Sai muryar Kaka ta tashi daga kan tebur. "Alrick, zo nan kusa da ni, ɗana."

Ya waiga bayansa kamar akwai wani Alrick ɗin. Da ya gane da shi ake, sai na ga idonsa ya ciko. Ya zo ya zauna tsakanina da ita, ta ɗauki faranti da hannunta ta zuba masa shinkafa da alayyafo, ta tula masa agada har sau biyu, ta ce bakanike ba ya aiki da yunwa. Ya sunkuyo wajena ya ce a hankali, "Ashe kin faɗa. Na gode, Tamoya."

Wannan godiyar ta fi ƙunar tanda zafi. Na ɗauki cokali na cusa taliya a baki don kada in amsa.

An kusa cinye abinci Kaka ta buga kofi da cokali ta miƙe, ta dafa tebur. Duk aka yi tsit, don Kaka ba ta cika magana a taro ba.

"'Yan'uwa, minti biyu kawai, Pinnock kada ka yi min tari." Aka yi dariya. "Ku 'yan matan nan masu rufe kunne da gashi, kuna zaton ba ma gani. Muna gani, shiru muke yi." Aka ƙara wata dariyar, 'yan mawaƙa suka sunkuyar da kai. "Kullum ana ce mana zamani ya canja, abin da muka riƙe ya tsufa, wai in ba mu saki ba yara za su gudu. Har na fara yarda. To ga yaro daga cocin ganga, shekara biyu kacal cikin bangaskiya, ya je ya tambaya ya nemo hanyar iyayenmu. Bai kawo wa jikata zinariya ba, agogo ya kawo mata. Ni Icilda na sa musu albarka. Alrick, tashi ka gaya wa samarin nan yadda aka yi ka san wannan."

"Amin" ta tashi daga kowane tebur. Alrick ya kalli Kaka, ya kalli wuyan hannuna, ya kalle ni. Na ga lokacin da ya gane. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, na roƙe shi da ido, kalma biyu kawai zai ce ya zauna, albarkar da muka yi wata takwas muna nema ta zama tamu. Ya janye ƙafarsa a hankali ya miƙe.

"Mama Icilda, na gode da abinci. Na gode kuma da kika ce min ɗanki, na daɗe ina son in ji." Ya ɗan tsaya, kamar yadda ya saba. "Amma ban sayi agogo ba. Ban ma san ana yi ba sai yanzu. Na nemi auren Tamoya ran Laraba, ta amince. Sauran maganar tata ce, ita za ta faɗa."

Bai zauna ba. Tsayawa ya yi yana jira in miƙe, don kada in tsaya ni kaɗai. Na tashi.

"Agogon nawa ne, Kaka, ni na saya. Jiya na ƙone a hagu, shi ya sa na mayar da shi dama. Zobe ya ba ni, na mamarsa marigayiya. Yana gida, na ɓoye a cikin safa." Na so in tsaya a nan, amma bakina ya ƙarasa da kansa. "Na karɓa, kuma ina sonsa."

Sista Hyacinth ta dafe ƙirji, hannunta ya sauka daidai kan fil ɗin, ta yi sauri ta janye. Anti Verona ta zuba wa kofin zoɓonta ido kamar an yi rubutu a ciki. Fasto ya miƙe ya ce to, ai dai aure na nan, a yi farin ciki, wa zai tayar mana da waƙa? Ba wanda ya tayar. Wata daga 'yan mawaƙa ta ƙyalƙyale da dariya ta mayar da ita tari.

Kaka ta zauna. Ta ɗauki cokalinta ta cinye abin da ya rage a farantinta tas, ta goge baki, ta ninke adikon. Hayaniya ta dawo kaɗan kaɗan, mata suka fara tattara kwanuka, kowa yana yi kamar bai ji komai ba alhali kunnensa yana wajenmu.

Matakala goma sha biyu ce daga ɗakin ƙasa zuwa waje, kuma tun da gwiwar Kaka ta fara ciwo, shekara biyar ke nan, hannuna take riƙewa ta hau. Na zo na miƙa mata kamar kullum. Ta kalli hannun, ba ta kama ba.

"Laraba," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Alhamis. Juma'a. Jiya muka durƙusa tare, kika ce amin a addu'ata."

"Kaka, tsoro na ji."

"Tsoron me? Na taɓa dukanki?"

"A'a."

"Zoben nan ba na sonsa, kuma gobe ma ba zan so shi ba, kada ki yaudari kanki. Amma yaron nan, a gaban mutum tamanin ya ajiye abin da na ba shi don kada ya riƙe shi da ƙarya. Ke da na raina kuma kina zaune kika bar ni na miƙe tsaye."

Hawaye suka zubo min. Gaskiya ta faɗa. Ta juya wajen Alrick, wanda yake tsaye a gefe riƙe da kwanonmu.

"Ba ta kwanon, ta iya ɗauka. Mene ne sunan mahaifiyarka?"

"Pearline, Mama."

"Ba ni hannunka. A motarka za ka kai ni gida, kuma kada ka yi gudu, ina son in ji labarin Pearline daga farko. Ke ki bi Verona, dama jirginku ɗaya."

Anti Verona ta buɗe baki, Kaka ta yi mata kallo ɗaya ta rufe.

Suka fara hawa, taki ɗaya bayan ɗaya, Alrick ya ranƙwafa don tsawonsa ya zo daidai da nata. Ni ina ƙasa rungume da kwano. Sun kai rabi na kasa daurewa.

"Kaka, albarkar da kika sa fa? Tana nan?"

Ba ta tsaya ba sai da ta kai matakala ta ƙarshe. Ta huta, ta gyara hularta, sannan ta juyo ta dube ni daga sama.

"Ran Talata za ki ji. Kwana uku kika ba ni, kwana uku zan ba ki."